Amsa ga wata uwa a Makka: ta ina yaro zai fara karatun taswira?

Wata baiwar Allah mazauniyar Makka, a wajen Shara Mansur, ta aiko da tambaya. Yaranta uku ne, duk a nan aka haife su, babban shekararsa 13, autar kuma 8. Duk inda za su a gari da waya suke zuwa, Google Maps na ce musu dama ko hagu. Ranar da ta shimfiɗa musu taswirar duniya ta ce su nuna mata Najeriya, ƙasar kakanninsu, sai babban ya ɗora yatsa a kan Birazil, ta tsakiyar kuma ta ce ai kusa da Indiya take. A makaranta sukan haddace manyan biranen ƙasashe su ci jarrabawa, bayan mako guda sun manta. Tana so ta san ta inda za ta fara, ita da karatun bokonta bai yi nisa ba.

Hajiya, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Kada abin ya tayar miki da hankali, domin ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa a Sudan, a yankin Sinnar inda aka haife ni, kafin zama ya kawo ni Jidda, kuma irin yaranki na gani a aji ba adadi. Suna iya jero miki sunan birni hamsin a jere, amma sunayen a iska suke rataye, babu ƙasar da suka taka. Mutum bai san wuri ba sai ya iya amsa abu uku a kansa: ta wane ɓangare yake daga inda nake tsaye, nisansa nawa ne, kuma su wa yake maƙwabtaka da su. Waya kuwa duk ukun nan take ɗauke wa yaro. Tana ce masa ya juya dama bayan mita 200, ya juya, ya isa, bai san ko arewa ya yi ko kudu ba.

Aikin farko a tsakar ɗakinki yake, kuma bai buƙatar ko riyal ɗaya. Ki sauke taswirar daga bango ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki juya ta har saman takardar ya kalli arewa ta gaskiya. Na koyi muhimmancin haka daga bakin wani ɗalibina. Ina nuna musu kogin Nilu a taswirar da ke rataye, sai ya ɗaga hannu ya ce, Malam, yaya ruwa zai hau sama? Ya yi gaskiya. A bango, Nilu daga ƙasa yake tasowa ya nufi rufin ɗaki. Yaron nan a bakin Bahar Azraƙ, reshen Nilu da ya ratsa Sinnar, ya girma, ya san ruwa gangara yake bi, taswirar ce ta rikita shi. Daga ranar na koma shimfiɗa ta a tsakar aji, mu zagaye ta. Arewa ba sama ba ce, kudu ba ƙasa ba ce. Mutanen Sudan ma a bakinsu kudu ita ce Sa'id, wato tudu, arewa kuma Safil, wato gangare, domin ruwan Nilu suke bi wajen kiran sunan. Sa arewa a saman takarda al'ada ce kawai ta masu zane. Taswirar duniya da Al-Idrisi ya kammala a shekarar 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu a Sisili, kudu ce a samanta, har in kika gan ta yau za ki ɗauka a kife aka riƙe ta.

Sai kuma wata matsala wadda tamu ce mu Hausawa, kuma ta fi damun yaran da suka tashi a nan. A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Mukan ce a kwantar da mamaci ya fuskanci gabas, mu ce wane ba ya kallon gabas, muna nufin ba ya salla. A ƙasar Hausa maganar ta kusa daidai, domin daga Kano alƙibla gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 68 in aka fara ƙirge daga arewa. Daga Khartum karkatar ta ƙaru, ta koma arewa maso gabas sosai, wajen digiri 49. A Madina kuwa kudu ake kallo, amma za ki ji tsohuwarmu a can tana tambaya ina ne gabas, alhali alƙibla take nema. A cikin Makka kowace unguwa da tata: mutanen Misfala arewa suke fuskanta, wanda ke Mina kuma gabas ɗin yake ba wa baya. Ki raba wa yaranki kalmomin nan biyu tun yanzu. Gabas ita ce mafitar rana, ba ta canzawa. Alƙibla kuwa Ka'aba ce, tana canzawa gwargwadon inda mutum ya tsaya. In kin kai su ɗawafi ki nuna musu kusurwoyin Ɗakin, domin sunayensu kaɗai darasi ne. Rukunul Yamani yana kallon wajen Yaman a kudu, Rukunul Iraƙi wajen arewa, Rukunush Shami wajen yamma da arewa, kusurwar Hajarul Aswad kuma wajen gabas.

Da zarar sun riƙe kusurwoyi huɗun nan, ki ba kowannensu farar takarda ya zana hanya daga ƙofar gidanku zuwa Harami, da ka, ba waya. Ya sa masallacin unguwa, da baƙala, wato kantin unguwa, da gidan burodi, da inda ake shiga mota, ya kuma yi 'yar kibiya a gefe mai nuna arewa. Zanen farko zai fito a karkace, ba komai. Abin da ake nema shi ne yaro ya gane cewa taswira hoton ƙasa ne kamar yadda tsuntsu ke hango ta daga sama, kuma mutum irinsa ne ya zana ta, ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari. Daga nan ki faɗaɗa da'irar zuwa miƙatai, tunda sun riga sun san su a darasin fiƙihu: Zul Hulaifa can arewa a bakin Madina, Juhfa kusa da Rabig ta wajen teku, Yalamlam a kudu, Ƙarnul Manazil a hanyar Ɗa'ifa, Zatu Irƙin a arewa maso gabas. Kowane miƙati ƙofa ce ta mutanen wani sashe na duniya. In yaro ya tambayi kansa don me aka ba mutanen Sham da Masar Juhfa, aka ba mutanen Najadu Ƙarnul Manazil, to ya fara karatun labarin ƙasa ke nan, ko bai sani ba.

Yanzu ga inda nake so ki fi daɗewa, domin a nan kike da abin da babu malamin makarantar da zai ba su. Ki koya musu Afirka ta hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa. Ki samo zare da 'yan ƙananan duwatsu ko ƙwayar wake, ki ɗora ɗaya a kan Sakkwato, ɗaya a Kano, ɗaya a Maiduguri. Ki tsallaka kudu da Tafkin Chadi ki ɗora a Njamena, sai Abeshe, sai Adire a bakin iyaka. Kin shiga Sudan ke nan: Jinena, Fashir, Ubayyid, Kosti a bakin Farin Nilu, sai Sinnar ko Madani a bakin Bahar Azraƙ. Daga nan hanya ta karkata arewa maso gabas ta Gadarif da Kasala zuwa Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwan alhazai, a haye Bahar Maliya a sauka Jidda. Ki ja zaren ya bi ta kan duwatsun, sa'an nan ki ce su faɗa miki abin da suka gani.

Abin da za su gani ya daɗe yana burge ni. Daga Sakkwato har Gadarif zaren kusan a miƙe yake kwance, kamar an sa magwaji an ja shi. Kano da Njamena suna kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sakkwato, Jinena, Fashir, Ubayyid, Kosti da Sinnar duk suna tsakanin digiri 13 da 14. Tafiyar dubban kilomitoci, amma mutanen nan ba su fita daga wani siririn ɗamara mai faɗin digiri biyu ba. Ba su da taswirar Bature, ba su da kamfas. Ƙasar ce ta nuna musu hanya. In sun yi arewa da yawa Sahara ce, ba ruwa ba ciyawa. In sun yi kudu da yawa kurmi ne da ƙudan tsando mai kashe jaki da sa. Tsakanin nan biyu kuwa damina ɗaya ce da ta gida, gero da dawa suna yi, aduwa da magarya da gawo suna nan, kukar da muka sani ita ce tabaldi ta Kurdufan wadda mutanen can ke rarake cikinta su tara ruwan sha don rani. Manomi daga Katsina yana iya tsayawa a Wadai ko Darfur ya yi noman shekara da irin da ya riƙo daga gida, ya sami guzuri, ya ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar da jirgin sama ke yi yau cikin awa huɗu zuwa biyar take cin wasu shekaru, wasu kuma ba su ƙarasa ba, suka kafa garuruwa a hanya.

Garin Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar, ɗaya ne daga irin garuruwan nan. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi, a cikin jihar Gombe ta yau, a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'ar da ta rage har suka zauna a bakin Bahar Azraƙ, garin ya ɗauki sunansa. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, Hausawa matafiya da yawa suka sami aikin gona a can suka zauna. Ki sa wa yaranki dutse a kan Burmi, ki sa a kan Mai Wurno, ki ba su labarin. Ki tambayi tsofaffin gidanku ta wace hanya naku kakan ya biyo, a ina ya yi damina, a ina aka haifi wane. Sunan garin da aka binne kakar mutum ba ya fita daga kansa kamar yadda sunan babban birnin da ya haddace don jarrabawa ke fita. Zuciyata tana ƙuna in na tuna cewa Jinena da Fashir yanzu a labaran yaƙi yara ke jin sunansu, tun da faɗa ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Ina so su san garuruwan nan sun shayar da kakanninsu ruwa, sun ba su masauki. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Kada kuma su ɗauka zanen ƙasa baƙon ilmi ne a wurinmu. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa bayanin ƙasashe da koguna, aka kuma ba shi taswirar yankin wadda aka buga a Landan a 1826.

Zaren nan ya riga ya koya musu layukan kwance, waɗanda a makaranta ake ce musu dawa'irul ard. Suna auna nisan wuri daga layin tsakiyar duniya, haɗɗul istiwa'i, wanda a Afirka ya ratsa Gabon, da Kwango biyu, da Yuganda, da Kenya, da Somaliya. Kowane digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Makka tana kan digiri 21 da ɗan ɗori, Madina 24 da rabi. In kun fita bayan gari da dare, nesa da fitilun Makka, ku nemi tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Tsayinsa daga gindin sama daidai yake da lambar layin da kuke kai. Yaro ya miƙa hannu ya dunƙule shi, kowane dunƙule kimanin digiri 10 ne. A nan dunƙule biyu zai samu, a Kano ɗaya da ɗan kaɗan, a Landan biyar. Da wannan matuƙan jiragen ruwa suka yi ta gane inda suke tun kafin a san wani abu wai shi tauraron ɗan'adam.

Layukan tsaye kuwa, huɗuɗuɗ ɗul, agogo ne. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya cikin minti 4. Ana fara ƙirga su daga layin Girinwich na Landan, wanda taron ƙasashe a Washinton ya amince da shi a 1884, kuma layin ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso har ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Makka tana kusa da digiri 40 gabas da shi, Kano tana kan 8 da rabi. Tsakaninsu digiri 31, a ninka da minti 4, an sami awa biyu da 'yan mintoci. Wannan lissafin kin riga kin san amsarsa, Hajiya. A watan azumi kina shan ruwa ki kira 'yan'uwa a Kano ki tarar ko alamar magariba ba su gani ba. Ki sa babban ya yi lissafin da kansa, sa'an nan ki ba shi na Riyad, wadda ke gabas da Makka da kusan digiri 7. Zai gano dalilin da ya sa ake kiran azahar a can kusan rabin awa kafin a kira a Harami, alhali agogon ƙasar ɗaya ne.

Maganar nisa gajeriya ce. Kowace taswirar kirki tana da ma'auni a gefenta. In an rubuta 1:10,000,000, to santimita ɗaya a takarda kilomita 100 ne a ƙasa. Su auna da zare su kwatanta da abin da ƙafarsu ta sani: Makka zuwa Madina a jirgin ƙasa na Haramaini, har da ratsawa ta Jidda, kimanin kilomita 450 ne, Bur Sudan zuwa Jidda ta ruwa kusan 300, Kano zuwa Makka a miƙe kusan 3,500. Launi ma a kula da shi. A taswirar tuddai da kwari, kore ba ciyawa yake nufi ba, ƙasa ce mai kwari, ruwan ƙasa kuma tudu. Shi ya sa za ki ga gaɓar Jidda kore shar alhali rairayi ne da gumi, Ɗa'ifa kuma ruwan ƙasa, domin tana sama da teku da wajen mita 1,800, Makka ko 300 ba ta kai ba. Sanyin da kuke bi can da zafi daga wannan tsayin yake.

Akwai wani abu da dole ki gargaɗe su a kai, domin shi ya fi ɓata wa mutane ganin duniya. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, ba yadda za a yi a kwantar da ɗaya a kan ɗaya ba tare da an yage ko an ja ba. Ki ɓare lemo ki ce su shimfiɗa ɓawon a faranti ba tare da ya tsage ba, za su gane. Taswirar da ta fi yawa a bangon makarantu da cikin waya ta samo asali daga zanen da wani Bature mai zanen taswira, Markato, ya fitar a 1569 don matuƙan jiragen ruwa. Ta kiyaye musu kusurwar tafiya, amma ta kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya. A kanta tsibirin Girinlan, da ke can arewacin duniya, yakan yi kamar ya kai Afirka girma. A gaskiya Afirka ta haura murabba'in kilomita miliyan 30, Girinlan kuwa miliyan 2 da ɗan ɗori, wato ta ninka shi sau 14. Girinlan ɗin nan kusan girmansa ɗaya da Saudiyyar da kuke zaune a ciki. Yaron da ya tashi yana kallon Turai a kumbure da Afirka a tsuke, wani abu yana shiga ransa wanda ba a faɗa masa da baki ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. In kuɗinki na abu ɗaya ne kawai, ki sayi ƙwallon duniya, irin mai juyawa a kan ƙafa, ko da ƙarami ne. Shi kaɗai ne ke nuna girman kowace ƙasa da siffarta daidai a lokaci guda. A kansa ne kuma za su fahimci abin da ke ba mutane mamaki, cewa Musulmin birnin Niyok na Amurka arewa maso gabas suke fuskanta in za su yi salla, ko da yake a shimfiɗaɗɗiyar taswira Makka tana ƙasa da su. A ja zare a kan ƙwallon tsakanin biranen biyu, gajeriyar hanyar za ta nuna kanta.

Sauran duniya kuma, ai ita ke zuwa ƙofar gidanku kowace shekara. Ban san wani gari da ya kai Makka sauƙin koyar da wannan ilmi ba. Lokacin aikin hajji ki ce kowane yaro ya dawo gida da tuta uku da ya gani a jakar alhazai ko a jikin mota, ku nemo ƙasashen tare bayan isha. Ga Indonesiya mai tsibirai fiye da 17,000, ga Turkiyya mai ƙafa ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, ga Senegal a ƙarshen yammacin Afirka. A kowace ƙasa tambayoyin nan dai su ne: ta ina take daga nan, wace teku alhajinta ya tsallako, ina yake kallo in zai yi salla a gida. Sa'an nan maƙwabta. Ni a aji da maƙwabta nake farawa kafin babban birni, domin ƙasa ɗaya tana jawo 'yar'uwarta. Najeriya huɗu gare ta: Binin, Nijar, Chadi, Kamaru. Sudan bakwai: Masar, Libiya, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Sudan ta Kudu, Habasha, Iritiriya. Yaro da kansa zai lura Chadi ta fito sau biyu, ya gane ƙasa ɗaya tak ta raba Najeriya da Sudan. Wanda ya gano wannan da idonsa ba zai sake neman Najeriya a Birazil ba.

Sunaye za su ɗan ba ku wahala, tunda yaranki da harshe uku suke aiki. Sakkwato a taswirar Turanci Sokoto ce, Damagaram Zinder ce, Ikko Legas ce, kogin da muke kira Kwara shi ne Neja. Ɗarabulus biyu ce, ta Libiya da ta Labanan. In tsoho ya ce ya kwana a Fort Lami, Njamena yake nufi, a 1973 aka canza sunan. Kalmar Sudan kanta a littattafan malaman da tana nufin duk ƙasashen baƙar fata daga Senegal har Bahar Maliya, ƙasar Hausa na ciki, kuma Mali ta yau Sudan ta Faransa ake ce mata kafin 1960. Ki duba shekarar da aka buga taswirar da za ki saya. In Legas ce babban birnin Najeriya a cikinta, ta girmi 1991. In Sudan guda ɗaya ce ba a cire kudu ba, ta girmi 9 ga Yulin 2011.

Ban ce a ƙwace musu waya ba. Abin da ke cikinta ya fi duk kayan aikin da na taɓa samu a aji, sai dai a bar ta ta zo a ƙarshe. Kafin a buɗe ta, yaro ya fara faɗin hasashensa: wurin nan arewa yake da mu, zai kai kilomita kaza. Sa'an nan a duba a ga ko ya dace. Ki sa su rubuta 21.4225, 39.8262 a wurin nema, za ta kai su kan Ka'aba. Lambar farko ta layin kwance ce, ta biyun ta layin tsaye. Su juya lambobin, ta biyun ta koma farko, za su tsinci kansu a duwatsun ƙasar Girka. Daga ranar ba za su sake rikita jerin ba. In za ku Madina kuma, a kashe muryar mai ba da hanya, ɗaya daga cikinsu ya riƙe taswirar takarda yana faɗin garin da ke gaba.

A hanyar Madinar nan ma akwai wani layi da kuke tsallakewa ba ku sani ba, wanda yara ke kira madarus saraɗan, a kan digiri 23 da kusan rabi. Shi ne iyakar inda rana ke iya tsayawa a tsakar ka ta ɓangaren arewa. Madina tana bayansa, don haka rana ba ta taɓa daidaita a kanta. Makka tana cikinsa, saboda haka sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 na rana, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27, agogon Saudiyya. Ki shirya wa ranar tun da wuri. Ku kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a kan rufin gida, a miƙe sosai, ku sa wani ɗan'uwa a Kano ya kafa irinta, in akwai wani a Sinnar ko Mai Wurno shi ma ya kafa. Idan lokacin ya yi, a ranar Mayu ƙarfe 10:18 ke nan a Najeriya, 11:18 a Sudan, a ta Yuli kuma 10:27 da 11:27, ku haɗu a waya. Taku sandar ba za ta yi inuwa ba. Ta Kano, in hadari bai rufe rana ba, inuwarta za ta kai kimanin santimita 61, ta Sinnar kuma wajen 17. Duk wanda ya tsaya a kan inuwar ya fuskanci sandar, alƙibla yake kallo, ba tare da kamfas ba.

Ga aikin babban yaronki a nan. Ya zana sandar da inuwarta a takarda, santimita 10 a tsaye da 6.1 a kwance, ya haɗa bakinsu da layi, ya auna kusurwar da ke saman sandar da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafinsa. Zai sami digiri 31 da ɗan ɗori. Ya ninka da 111. Amsar da za ta fito masa ita ce nisan Kano daga ƙofar gidanku, kusan kilomita 3,500. Ya sake yin haka da inuwar Sinnar, zai sami kusan digiri 10, wato wajen kilomita 1,100. Sai ya koma kan taswirar da kuka shimfiɗa a tsakar ɗaki ya auna nisan a miƙe da zare ya gani ko sun yi daidai.